Gidan Aro Saboda Banjo

Ƙaryar farko ma ba da bakinsa Harlan Tollefson ya yi ta ba. Misis Rudnik, matar da ke ba da dabbobi a Mafaka, ta ce ya kawo lasin tuƙinsa, ya zaro ya miƙa mata, ta shiga kwafe adireshin da ke jiki a kan fom. Yana tsaye yana kallon alƙalaminta yana rubuta Titin Birch, gida mai lamba goma sha huɗu. Wata takwas ke nan rabonsa da kwana a wannan gidan. Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya ɓige da gyaran murya, ya karɓi lasinsa ya mayar aljihu.

Duk garinmu babu wanda bai san Harlan ba. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar share ƙanƙara ta gunduma. Mutum ne da zai buɗe maka hanya tun kafin ka farka, ya janyo motarka daga rami bai tsaya karɓar godiya ba, amma ka tambaye shi ya jiki, sai ya ce maka an ce gobe za a yi iska. Matarsa Noreen ta yi shekara talatin da huɗu tana haƙuri da wannan hali. A ƙarshen sanyin da ya wuce ta ce ta gaji da zama da mutumin da sai ta yi bincike kafin ta gane haƙorinsa ne ke ciwo ko ransa ne ya ɓaci. Ba a yi faɗa ba, ba a ji kansu ba. Aka sa hannu a takarda, gida ya zama nata, shi kuma ya loda kayansa a a-kori-kurarsa ya koma wani ɗaki a saman shagon kayan kamun kifi, wanda ake hawa ta matakalar katako daga waje. In an tambaye shi sai ya ce yana taya mai shagon gadi ne. Mu kuma muka yi masa kara, muka ce ai gadi abu ne mai kyau.

Mafaka kuwa ita ce inda gundumarmu ke tara karnuka da kyanwoyin da suka rasa masu su, can bayan filin baje kolin shanu, mil ashirin da biyu daga garinmu. Abin da ya fara kai Harlan can tsofaffin barguna ne, wai ya ji suna nema. Gaskiyar magana shirun ɗakin ne ya ishe shi, shi da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora wa wasu shiru. Ya ajiye barguna, ya ce bari ya leƙa ciki. Karnuka suka ɗauki haushi, kowanne na tsalle yana dukan raga yana tallan kansa. A keji na ƙarshe ne ya ga wanda bai ko tashi ba, wani tsohon karen farauta mai dogayen kunnuwa, bakinsa ya yi furfura, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ido ɗaya ya ɗaga ya dubi Harlan, Harlan ma ya dube shi. Sun kai minti goma a haka, kuma a wurin Harlan wannan hira ce mai tsawo.

Kowane keji da katinsa ɗaure da waya a jikin ƙofa. Na wannan cewa ya yi: Banjo, shekara tara, an dawo da shi sau biyu. Mutanen farko sun ce yana kuka in an bar shi shi kaɗai, na biyu sun ce yana bin sawun zomo ya ɓace. Asabar huɗu Harlan ya jera yana zuwa fita da shi yawo a filin bayan Mafaka, kuma ya ga yadda masu neman kare ke yi. Su tsaya, su ce kai, ji kunnuwa, su sunkuya su karanta katin, su miƙe su wuce wurin 'yan kwikwiyo. Wata bakwai Banjo yana kallon bayan mutane. A Asabar ta biyar Harlan ya ce a ba shi fom.

Misis Rudnik gajeriya ce, tsohuwar nas, kullum cikin takalmin roba, kuma ko kyanwa mai ido ɗaya ba ta bayarwa sai ta je ta ga gida da idonta. Ba 'yar garinmu ba ce, abin da ya rufa wa Harlan asiri ke nan.

"Banjo sharaɗinsa fili mai shinge, Mista Tollefson," ta ce. "Hancinsa ke tuƙa shi, ba kansa ba. Akwai shinge a Titin Birch?"

"Akwai. Na katako, ƙafa shida."

"Madalla. Wa ke zaune a gidan?"

"Noreen."

"Matarka ke nan. To ita ma ta kasance a gida ranar da zan zo, don ba na ba wa mutum kare a bayan idon matarsa, na sha ganin ƙarshen abin. Alhamis, ƙarfe biyu. Zan taho da shi. In gida ya yi min, a nan zan bar shi."

A hanyar komawa Harlan ya dinga faɗa wa kansa cewa ai bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Akwai shinge. Noreen ce a gidan. Matar ce ta ce matarka, ba shi ba. Shi dai a ba shi karen, sauran zai san yadda zai yi, ga igiya mai tsawo, ga bakin tafki, yawo safe da yamma. Duk da haka sai da ya sauke gilas, don kunnuwansa zafi suke yi kamar ya sha mari.

Washegari bayan an tashi daga coci ya samu Noreen a tsakar fili tana tara busasshen ganye da manjagara. Ya tsaya daga wajen shingen, ya cire hula, ya yi bayanin abin da ya kawo shi yana kallon tarin ganyen. Ta dogara da manjagara ta saurare shi har ya gama.

"Tsaya in gane," ta ce. "Wata takwas ba ka tako nan ba, ko barka da Ista. Yau ka zo aron gida. Mutane aron tsani suke zuwa, Harlan, ko injin yankan ciyawa."

"Awa ɗaya ce kawai."

"Da gidan, da ni a ciki. Ni ma arona za a yi ke nan. In tsaya a bayanka ina murmushi?"

"Ba sai kin yi murmushi ba."

Ta yi wata dariya da ba ta daɗi ba. "Kai dai Allah ya shirye ka. Me ya hana ka gaya wa matar gaskiya?"

"Ba za ta ba ni ba." Ya juya hular a hannunsa. Sai kuma magana ta ɓalle masa. Ya ce karen ba ya haushi sai in jirgin ƙasa ya wuce. Ya ce in ya ga ruwa kwance a hanya zagaye shi yake yi kamar mai sabon takalmi. Ya ce akwai tsohon yanka a kunnensa na hagu, ya ce yanzu in ya ji takunsa daga nesa miƙewa yake yi. Noreen ta tsaya tana kallonsa. A tsakiyar zancen ne ya tuna rabon da ya yi mata magana mai tsawon haka tun ranar da aka haifi 'yarsu Kristin, yau kuma da ya yi, a kan kare ne. Ya ga abin ya soke ta. Ya haɗiye sauran, kunya ta rufe shi.

"Shi ke nan, ka zo," ta ce. "Amma ka ji da kyau, ni ba zan yi ƙarya ba. In ta tambaye ni kai tsaye, zan faɗa mata. In ba ta tambaya ba, zan ari halinka in yi shiru."

Ranar Alhamis ya iso tun ɗaya da rabi, da tsofaffin takalmansa na aiki a hannu, ya jera su a bakin ƙofa don a ga alamar namiji a gidan. Ya cire kwat zai rataye a ƙusar da ya saba, ya tarar babu ƙusa, madubi ne a wurin. Ya tsaya riƙe da kwat, suna kallon juna shi da wani tsoho mai jajayen kunnuwa. Noreen ta karɓi kwat ɗin yadda ake karɓar na baƙo.

Ƙarfe biyu daidai motar Mafaka ta tsaya. Misis Rudnik ta buɗe baya, ta zaro wani faffaɗan katako ta jingina, Banjo ya gangaro a kai a hankali. Harlan ya ga katakon amma bai kawo komai a ransa ba, don karen ya riga ya hango shi, yana kaɗa wutsiya har da rabin jikinsa.

Suka shiga kicin. Harlan, don ya nuna shi ne mai wurin, ya ce bari ya zuba musu gahawa. Ya buɗe kabad ɗin da kofuna suka yi shekara talatin da huɗu a ciki, ya tarar da fulawa da sukari. Ya buɗe na gaba, gwangwanayen miya. Ya buɗe na uku, magunguna. Gumi ya karyo masa.

"Hagunka, maigida," in ji Noreen daga kujera, ta ja kalmar ƙarshen yadda shi kaɗai zai ji kaifinta.

Misis Rudnik ta kwashe da dariya. "Rabu da su, Misis Tollefson, duk halinsu ɗaya. Nawa har Allah ya karɓi abinsa bai san inda cokali yake kwana ba."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Matar nan ta ɗauko zancen mijinta da ke kabari don ta fitar da shi kunya, shi kuma yana tsaye a kicin ɗin wata yana yaudararta. Ya zuba gahawar, rabi a kofi rabi a kan tebur.

Daga nan aka fita duba shinge. Misis Rudnik ba ta wasa da wannan. Ta bi shi kusurwa zuwa kusurwa, ta girgiza kowane ginshiƙi, ta durƙusa ta zura hannu a ƙasa ko akwai inda kare zai tona, ta buɗe sakatar ƙofa ta rufe har sau uku.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni," in ji Harlan. Ita ce cikakkiyar gaskiya ta farko da ya faɗa mata, har muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so.

"Shekara goma sha biyu ina duba shinge, ban ga kamarsa ba." Ta kwance igiyar. Banjo ya tsaya jim kamar bai yarda ba, sannan ya sa hanci a ƙasa ya bi gindin shingen, ya kori wani kurege har kan bishiyar tuffa, ya dawo ya faɗa cikin tarin ganyen Noreen ya yi ta birgima, ƙafafu huɗu a sama. Noreen ma sai da ta murmusa, ita da aka ce ba sai ta yi ba.

Suka koma teburin kicin don sa hannu. Misis Rudnik ta baje takardu, tana magana tana laluben alƙalami a jaka.

"Abin da ya fi kwantar min da hankali, gidan nan ba bene ba ne. Wannan ban sa a katinsa ba, baki da baki nake faɗa wa wanda ya zo da gaske. Likita ya ce ƙugunsa ya cinye. Matakala in ta wuce hawa uku ba tasa ba ce. Ka ga ko mota sai da katako."

Harlan ya ji idon Noreen a gefen fuskarsa. Ya ƙura wa kofinsa ido.

"Kuma zan gaya muku abin da nake gaya wa kowa, don Allah in akwai shakka a faɗa yanzu. Mutane ba sa karanta dalili a kati, lamba kawai suke gani. Sau biyu ma ga yadda muka sha fama. Karen da aka rubuta masa sau uku, ga tsufa, da wuya ya sake fita ta ƙofar gaba. In sanyi ya shigo keji ya yi mana kaɗan, a kan irinsu kwamiti yake fara zama, kuma allurar mutuwa ce ƙarshen zaman. Kun dai gane."

Sun gane. Ta tura masa takardar. Kalma biyar ta ishe shi ya fita daga wannan rami, kuma Noreen ta ba shi lokaci, ta tashi ta wanke kofin da ba shi da datti ta dawo ta zauna. Ta taga yana hango Banjo ya miƙe ƙafa a rana. Ya ɗauki alƙalami ya sa hannu. Akwai layi na biyu na duk wani babba da ke zaune a gidan, Noreen ta karanta shi sau biyu ta sa nata. A cikin su biyun ita ce ta sa hannu a kan gaskiya.

Motar Mafaka na shan kwana Noreen ta juyo.

"Hawa nawa ce matakalar taka?"

"Sha tara."

"Au, ashe ka ƙirga."

"Zan riƙa ɗaukarsa."

"Da wane bayan? Wanda ko buhun gishiri ba ya ɗauka? Sau huɗu a rana, Harlan, a kan ƙanƙara, har sanyi ya wuce?"

Harlan ya tsaya yana kallon karen, yana kallon filin, yana jira. Ta san wannan tsayuwar tasa, ta yi shekaru tana fitar da shi daga cikinta.

"Na san abin da kake jira in ce. In ce bar shi a nan, ka riƙa zuwa. Ba zan ce ba. Ran ɗaya ga wata zan tafi jihar Arizona wurin Kristin, sai Afrilu in Allah ya kai mu, gidan kuma rufe shi zan yi. Da kana ɗaga waya ka kira 'yarka da ka sani." Ta shiga ta ɗauko kwat ɗinsa ta miƙa masa. "Awa ɗaya ka ara, awa ta cika. Ga takalmanka nan, kada ka manta."

Sai da ya ciccibi ƙafafun bayan Banjo kafin ya shiga mota. Ƙarfe huɗu saura suka tsaya a gindin matakalar shagon. Harlan bai taɓa ganin tsawonta ba sai yau. Ya hau hawa biyu, ya juyo ya ce, "Taho, dattijo. Taho mu gani."

Karen bai ƙi ba, abin da ya ɓata komai ke nan. Ya ɗora ƙafafun gaba, ya jawo na baya, hawa ɗaya, biyu, uku, yana nishi. A na biyar ƙafar baya ta zame, ya gangaro ya bugu da ƙasa, ya yi wata 'yar ƙara siririya. Kafin Harlan ya sauko har ya miƙe, ya karkaɗe kunnuwa, ya sake ɗora ƙafa a hawa na farko yana kaɗa wutsiya, yana kallonsa ko ya yi daidai.

"A'a, bari. Bari haka nan." Ya rungumo shi ya ɗaga. Nauyinsa fam saba'in ne, ga ƙafafu suna reto. Ya kai hawa na bakwai bayansa ya riƙe, zafi ya tsarga masa har ƙafa, ya zube zaune a kan katako da kare a cinya. A nan suka zauna, ba sama ba ƙasa, a bakin babban titin gari. Matar fasto ta wuce, ta ɗaga masa hannu ta yi saurin kau da kai. Mai shagon ya leƙo ya koma. Kowa na yi masa kara kamar kullum, kuma ranar ce ya fara jin wannan kara tana ƙona shi. Amma ba kunyar mutane ce ta fi cinsa ba. Ƙirjin karen na bugawa a kan hannunsa, ƙafar da ta bugu tana rawa, kuma shi ne ya ce masa taho, alhali ya ji abin da likita ya ce da kunnensa. Ya tusa fuska a wuyan Banjo, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya yi tunanin su riƙa kwana a mota. Ya yi tunanin ɗakin ajiyar kayan shagon, wanda ba taga ba abin ɗumi. Duk dabarar da ya ɗauko sai ya ga ƙarya ce ke riƙe da ita, kuma a jikin karen za ta ƙare. Ya sauko da ja-da-gindi, hawa ɗaya bayan ɗaya, yana rungume da shi.

Ƙarfe shida ake rufe Mafaka. Duk tsawon hanya Banjo kansa na waje ta taga, iska na wasa da kunnuwansa. Suka samu Misis Rudnik tana wanke kwanonin abinci. Ta dubi karen, ta dubi Harlan, ta kashe famfo.

"Me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Ni ne." Ya cire hula. "Ba gidana ba ne. Da nawa ne, yanzu na Noreen ne, mun rabu tun Fabrairu. Ɗaki ɗaya gare ni a saman shago, hawa goma sha tara, ba fili ba shinge. Na sa shi ya hau, ya faɗo. A duba masa ƙafar hagu ta baya."

Ta durƙusa ta bi ƙafar da yatsu, ta lanƙwasa ta miƙar, sai da ta tabbatar ba karaya sannan ta miƙe. Fuskarta ta yi ja.

"Na zauna a teburin nan na roƙe ka. Na ce in akwai shakka a faɗa. Ka dubi tsabar idona ka sa hannu. Har marigayi mijina na ɗauko maka, bawan Allah!"

"Na sani."

"Ba ka san komai ba. Kai gida za ka koma ka kwanta."

Ta zaro fom ɗin dawo da dabba ta dangwara masa. Dalilai ne a jere, kowanne da ɗan akwatin da za a yi wa alama: yana cizo, yana haushi, yana ɓarna, yana fitsari a ɗaki, ba ya jituwa da yara. Harlan ya bi su har ƙasa bai ga nasa ba.

"Awa uku ce fa kawai," ya ce a hankali. "Ba za a bar katin a sau biyu ba?"

"Wato ni ma in yi irin taka." Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "An sa hannu, ya fita, ya dawo. Ranar da na fara rage lamba a kati, ba wanda zai ƙara yarda da katin kowane kare a gidan nan."

Harlan ya ce, "To ba ni katin in rubuta da kaina."

Ta yi kamar za ta hana, sai kuma ta ɗauko sabon kati da baƙin alƙalami mai kauri. Ya duƙa a kan tebur, bayansa na suka, ya rubuta da manyan baƙaƙe:

"Banjo, shekara tara. An dawo da shi sau uku. Na ukun ba laifinsa ba ne. Ni Harlan Tollefson na yi ƙarya, na nuna gidan da ba nawa ba. Karen nan ya faɗo daga matakala don na ce ya hau, ya tashi zai sake. Duk mai shakka ya kira ni."

Ya sa lambar wayarsa a ƙasa. Misis Rudnik ta karanta, ta sake karantawa.

"Ba sai ka sa suna ba. Wannan Asabar ɗin matan cocinku ne ke da aikin wanke keji. Kafin Lahadi duk garinku sun haddace shi."

"In ba suna za a ce ku kuka tsara don ku rabu da shi. Kin ce lamba kawai suke gani. Wataƙila in sun ga sunan wanda suka sani su tsaya su karanta."

"Wataƙila," ta ce, muryarta ba ta yi laushi ba. "Ban yi maka alkawarin komai ba. Kuma sunanka zai shiga jerin waɗanda ba a ba wa dabba, nan da gundumomi uku. Yawon Asabar ma ya ƙare. Wanda ke jerin ba ya riƙe igiya a nan."

Wannan kam bai zata ba. Ya gyaɗa kai, don bai ga bakin da zai yi roƙo da shi ba.

Ta bar shi ya raka su har keji na ƙarshe. Banjo ya shige da kansa yana ɗan ɗingishi, ya shanshana bargonsa, ya sha ruwa, ya dawo bakin raga. Harlan ya kwance tsohon katin, ya durƙusa da ƙyar yana murɗa wayar sabon, yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai. Banjo ya zuro harshe ta ragar yana lasar su, wutsiya na kaɗawa. Shi a saninsa yau an kai shi yawo mai nisa ne an dawo da shi, kuma jibi Asabar.